Zaizayar Ƙashi Bayan Ɗaukewar Al'ada: Nazarin Ƙarancin Bitamin da Karaya Tsakanin Dattijan Mata a Talata Mafara da Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar da ke tsakanin ƙarancin bitamin da saurin karyewar ƙashi ga matan da al'ada ta ɗauke musu, tare da ɗora nazarin a kan ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun na Jihar Zamfara. An bi hanyar bitar ayyukan masana likitanci da na al'adun Hausawa, aka auna su da kalmomin da Bahaushe ke ambaton ciwon ƙashi da su, da kuma cimar yankin. Maƙalar ta gano cewa Bahaushe ya raɗa wa ciwon da ake ji suna, ya raɗa wa karayar da ake gani suna, amma lalacewar ƙashi da ke gudana a ɓoye ta fake a ƙarƙashin kalmomin "tsufa" da "sanyi". Ta kuma nuna cewa a ƙasar da rana ta wadata, matsalar bitamin D a ɗaure take da ƙarancin kalsiyum a cikin abinci. Daga ƙarshe ta ba da shawarar amfani da kalmar "zaizayar ƙashi", da komawa ga cimar gida, da kuma jawo maɗora cikin aikin riga-kafi.

Fitilun Kalmomi: zaizayar ƙashi, ɗaukewar al'ada, bitamin D, kalsiyum, ɗori, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Idan matashi ya karye, akan tambayi abin da ya same shi: faɗowa daga babur ce, ko harbin jaki, ko ruftawar katanga. Idan tsohuwa ta zame a bakin makewayi ta karye a wuyan hannu, ba a cika yin tambaya ba, domin an riga an yanke hukunci cewa tsufa ne. Tambayar da aka bari kuwa ita ce mai muhimmanci: me ya sa faɗuwar da jika zai yi ya miƙe yana kakkaɓe jiki, ita ce ke kwantar da kakarsa wata da watanni?

Gidauniyar Yaƙi da Zaizayar Ƙashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya a sauran rayuwarta. Karayar ƙugu ita ce mafi muni, domin kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ta sama ba su cika shekara a raye bayanta. A gidan Bahaushe kuwa, tsohuwa ita ce ungozoma, ita ce mai renon yayayyu, ita ce mai kai kayan matan kulle kasuwa. Kwanciyarta asara ce ga gida gaba ɗaya.

Lamarin ya shafi manazarcin Hausa kai tsaye, domin harshe ne ke tsara abin da al'umma ke ɗauka cuta da abin da take ɗauka ƙaddarar shekaru. Lewis Wall, a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa na ƙasar Malumfashi, da Aliyu Muhammad Bunza a ayyukansa kan maganin gargajiya, sun nuna yadda sunan cuta ke jagorantar majinyaci zuwa ga mai magani. Manufar wannan maƙala ita ce a bi wannan sawu a kan ƙashin dattijan mata.

1.1 Farfajiyar Nazari

Talata Mafara da Bakura da Maradun ƙananan hukumomi uku ne daga cikin 14 na Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996. Dukansu suna shiyyar Zamfara ta Yamma, kuma kowace masarauta ce mai cin gashin kanta: Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Ƙayan Maradun. Abin da ya ƙara ɗaure su wuri ɗaya shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala gininta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da filayen noman rani da take shayarwa. An zaɓi yankin ne saboda ya tara abubuwa uku da nazarin ke buƙata: yalwar rana, da albarkar noma da kiwo da su, sannan da sauye-sauyen rayuwa da suka taɓa abin da ke shiga tukunyar miya.

2.0 Ƙashi da Ɗaukewar Al'ada

Ƙashi abu ne mai rai, ba busasshen icce ba ne. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki dare da rana: masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo. Kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ake sabuntawa duk shekara. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyum ɗin jiki yana ajiye ne a ƙashi da haƙora, saboda haka ƙashi tamkar rumbu yake: idan abinci bai kawo kalsiyum ba, jiki yakan ɗebo daga rumbun domin zuciya da tsoka su ci gaba da aiki. Rumbun yana kai iyakar cikarsa ne kafin shekara 30 ko wajajenta. Abin da mace ta tara a ƙuruciya, shi za ta ci a tsufa.

Al'ada tana ɗauke wa akasarin mata tsakanin shekara 45 da 55, kuma likitoci suna tabbatar da ɗaukewar ne idan an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. A wannan lokaci sinadarin isturojin, wanda ke taka wa masu rushe ƙashi birki, yana raguwa ƙwarai. Sai rusau ya fi gini sauri, har mace kan yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 na kaurin ƙashinta a shekaru biyar na farko. Likitan Amurka Fuller Albright ne ya fara bayyana wannan alaƙa a farkon shekarun 1940. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin cutar, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, ta hanyar kwatanta kaurin ƙashin mace da na matashiya mai lafiya a na'urar DXA.

Wurare uku ne suka fi karyewa: wuyan hannu, da ƙugu, da gaɓoɓin ƙashin baya. Na ƙarshen sukan lotsa ne sannu a hankali, kuma kusan kashi biyu cikin uku na irin wannan karaya ba su zuwa gaban likita. Alamarsu ita ce mace ta rage tsawo, ta ranƙwafa, ta yi doro.

Akan ɗora laifin raunin ƙashin mata a kan yawan haihuwa, musamman a Arewa maso Yamma inda binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya kai 6.6. Gaskiya ne mai shayarwa tana rasa wani ɓangare na ƙashinta, amma bincike ya nuna yana dawowa bayan yaye. Abin da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne cimar yarinya da matashiya a shekarun cika rumbu.

3.0 Ciwon Ƙashi a Bakin Bahaushe

Ana iya raba kalmomin Hausa da suka shafi ciwon ƙashi gida uku. Rukuni na farko na rauni ne da ake gani: karaya, tsagewa, gocewa, targaɗe. Waɗannan hurumin maɗori ne. Rukuni na biyu na raɗaɗi ne da ake ji: sanyin ƙashi, amosanin gaɓɓai, ciwon baya, ciwon ƙugu. Waɗannan akan kai su ga masu saiwa da saƙe-saƙi, ko kantin sayar da magani. Rukuni na uku na siffa ne: doro, ƙusumbi, ranƙwafawa, dogara sanda. Waɗannan ba a ma lissafa su cikin cuta idan ga tsohuwa aka gan su, ado ne na shekaru.

Cutar da ake magana a kanta ta kuɓuce wa rukunan uku. Ba a ganin ta, ba ta da zafi kafin karaya, siffar da take haifarwa kuwa an riga an ba tsufa ita. Sau da yawa masu fassarar bayanan lafiya sukan kira ta "sanyin ƙashi", wanda kuskure ne mai illa. A tunanin Bahaushe sanyi abu ne da ke shiga jiki daga waje, ta ruwa ko danshi ko iska, maganinsa kuwa ɗumi ne: gashi, da yaji, da kanwa, da shafe-shafe. Wanda aka ce masa sanyi ke damunsa ba zai yi tunanin abinci ba. Ƙari a kan haka, ciwon gaɓɓai na tsufa lalacewar guringuntsi ne, cuta ce daban.

Illar wannan ruɗani ta fi fitowa a kantin magani. Ƙwayoyi irin su dekzametazon da firedinisolon suna kwantar da ciwon gaɓa nan take, shi ya sa ake sayar da su ga masu kukan sanyi, kuma dangoginsu ne ke cikin wasu magungunan ƙiba da ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe". Shan su na watanni yana daga cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙashi. Ke nan tsohuwa kan sayi abin da zai karya ta da sunan maganin ƙashi.

Wannan maƙala ta zaɓi kalmar "zaizayar ƙashi". Manomin bakin gulbi ya san zaizayar ƙasa: ruwa na cin gaɓa ta ƙarƙashi ba a ankara ba, sai ranar da ta rufta. Kalmar tana ɗauke da ma'anoni uku da ake buƙata, wato abin a hankali yake faruwa, a ɓoye yake, kuma ana iya tare shi.

4.0 Bitaman da Ƙashi ke Buƙata

4.1 Bitamin D da Kalsiyum

Kalsiyum ba bitamin ba ne, ma'adini ne, amma ba a raba zancensa da na bitamin D. Kalsiyum shi ne tubali, bitamin D kuwa shi ne mai buɗe masa ƙofar hanji. Idan babu shi, hanji ba ya tsotse fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyum ɗin abinci, idan kuwa ya wadata, yakan kai 30 zuwa 40. Fata ce ke haɗa akasarinsa idan hasken rana ya taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su sarrafa shi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci a rana fiye da fara, fatar tsoho kuma ba ta haɗa shi kamar ta yaro. Ƙarancinsa yana tausasa ƙashi, yana kuma raunana tsokar cinya, har miƙewa daga tabarma ya zama aiki. Cibiyar Likitanci ta Amurka ta tsayar a 2011 cewa macen da ta haura 50 tana buƙatar miligiram 1,200 na kalsiyum a rana, da maikurogiram 15 na bitamin D, wanda ke komawa 20 bayan shekara 70.

An daɗe ana zaton ɗan Afirka ya fi ƙarfin ƙarancin bitamin D saboda yawan rana. Nazarin da Reagan Mogire da abokan aikinsa suka wallafa a 2020, wanda ya tattara bincike-binciken nahiyar, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana da ƙarancinsa, kuma abin ya fi shafar mata da mazauna birane.

Darasi mafi kusa da gida daga Jos ya fito. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi a kan yara masu cutar da ke lanƙwasa ƙafafu. Sun tarar abincin yaran kimanin miligiram 200 kawai na kalsiyum yake ba su a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyum, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. An kuma san cewa ƙarancin kalsiyum yana sa jiki ya riƙa ƙone bitamin D ɗinsa da sauri. Ko da yake a kan yara aka yi gwajin, ya koyar da cewa a Arewa tubalin ne ya fi yin ƙaranci, kuma rashinsa kan jawo na mai buɗe ƙofar.

4.2 Sauran Bitaman

Bitamin K yana kunna furotin ɗin da ke ɗaure kalsiyum a jikin ƙashi, kuma a ɗanyen ganye ake samun sa: zogale, rama, tafasa, lalo, alayyafo. Bitamin C shi ke taimakawa wajen saƙa zaren da ƙashi ke ginuwa a kansa. Akwai shi a garin kwalba na 'ya'yan kuka, da gwaiba, da lemo, da tumatir. Bitamin B12 daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samun sa, tumbin tsoho kuwa ba ya tsotse shi sosai. Ƙarancinsa yana kashe jin tafin ƙafa, mutum ya riƙa tangaɗi. Ƙarancin bitamin A yana kawo dundumi, wanda kan sa tsohuwa tuntuɓe da magariba ko da asuba, amma yawan shan ƙwayarsa ma an danganta shi da karayar ƙugu. Ke nan wasu bitaman suna ƙarfafa ƙashin ne, wasu kuma suna hana faɗuwar da ke karya shi.

5.0 Cima da Rana a Ƙasar Bakolori

Ginshiƙin abincin yankin hatsi ne: gero, dawa, masara, shinkafa. Dukansu ba su da kalsiyum mai yawa, kuma dusar gero da dawa tana ɗauke da sinadarin fayitet da ke riƙe ɗan wanda ke akwai. Jiƙa hatsi da tsima gasara, kamar yadda ake yi wa koko, suna rage wannan sinadari. Saboda haka lafiyar ƙashi ba a tuwo take ba, a miya da mahaɗi take.

A nan cimar gargajiya ta yi abin a yaba. Busasshen ganyen kuka da na zogale suna cikin ganyayen da suka fi kowane kalsiyum. Riɗi da daddawa da wake da awara suna ƙarawa. Nono yana ba da kusan miligiram 120 a kowace mililita 100, ke nan kofi ɗaya mai rubu'in lita yana biyan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar yini. Ƙananan kifaye da ake daka su da ƙayarsu a zuba a miya suna kawo kalsiyum da B12 a lokaci guda. Fura da nono, da tuwo miyar kuka mai daddawa da garin kifi, abinci ne na gina ƙashi tun kafin a san sunan bitamin.

Sai dai abubuwa uku sun taɓa wannan tsari. Na farko, madatsar ruwa. W. M. Adams ya nuna a 1985 cewa tare gulbin ya rage ambaliyar da fadamun ƙasa da madatsar suka dogara da ita, noma da kamun kifi suka ja baya a can, ko da yake tafkin kansa ya zama sabon wurin su. Noman rani kuma ya fi karkata ga amfanin sayarwa irin shinkafa. Na biyu, satar shanu da hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara fiye da shekara goma sun tarwatsa rugage da dama, sun raba ƙauyuka da gonakinsu. Inda saniya ta bar gari, ƙwaryar nono ma ta bar shi. Na uku, sauyin ɗanɗano: taliya da farar shinkafa da mai da yaji da ɗanɗanon kanti suna ture miyar ganye da daddawa. Yawan gishiri kuwa yana ƙara zubar kalsiyum ta fitsari. A kan waɗannan akwai halin tsofaffi mata na sadaukar da nama da nono ga jikoki, da rashin haƙora da ke hana tauna.

Game da rana, bai dace a yi wa kulle kuɗin goro ba. Gidan gargajiya yana da buɗaɗɗiyar tsakar gida inda ake daka da shanya da girki, mace tana samun rana ba tare da ta fita ba. Kazalika, al'ada tana sassauta wa macen da ta manyanta fita, kamar yadda aya ta 60 ta Suratun Nur ta yi rangwamen sutura ga tsofaffin mata. Waɗanda ke cikin haɗari su ne matan gidajen zamani masu rufaffiyar tsakar gida, da tsohuwar da rauni ya kai ta ƙuryar ɗaki aka bar ta can don tausayi. Ita ce ta fi kowa buƙatar rana, ita ce kuma ta fi kowa nisa da ita.

Akwai wani lamari da ya keɓanta da wannan shiyya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum masu haƙar zinari, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take kwanciya shekaru da yawa, kuma zaizayar da ke biyo bayan ɗaukewar al'ada tana sako ta cikin jini. Macen da ta taɓa zama inda ake niƙa dutsen zinari ya kamata ta shaida wa likita hakan.

6.0 Ƙwaya ko Ƙwarya?

Mai karatu zai iya cewa to a raba wa kowace tsohuwa ƙwayar bitamin mana. Gwaje-gwaje ba su goyi bayan haka kai tsaye ba. A Faransa, Chapuy da abokan aikinta sun wallafa a 1992 gwaji a kan mata 3,270 mazauna gidajen tsofaffi, inda miligiram 1,200 na kalsiyum da maikurogiram 20 na bitamin D a kullum suka rage karayar ƙugu da kashi 43 cikin 100 a wata 18. Amma babban binciken lafiyar mata na Amurka da aka wallafa a 2006, mai mata 36,282, bai sami raguwa bayyananna ba, sai ma ƙaruwar tsakuwar ƙoda. Gwajin VITAL na 2022, mai mutum 25,871, shi ma bai ga amfanin bitamin D zalla wajen hana karaya ba. Bambancin shi ne matan Faransa tsofaffi ne tukuf masu ƙarancin gaske, na Amurka kuwa akasarinsu a ƙoshe suke. Ƙwaya tana amfanin mai rashi, ba ta ƙara wa mai wadata komai.

Abinci ma an gwada shi. A Ostareliya, gwajin da aka wallafa a 2021 a gidajen tsofaffi 60 ya nuna ƙara madara da kindirmo da cuku a abinci ya rage karaya da kashi 33 cikin 100, ta ƙugu kuwa da 46.

Daga Afirka ta Yamma akwai abin lura. Adebajo da abokan aikinsa sun ruwaito a 1991 cewa karayar ƙugu a Ibadan ba ta kama ƙafar ta Ingila ba. Aspray da abokan aikinsa kuma sun tarar a 1996 cewa tsofaffin matan karkarar Gambiya ƙashinsu ba shi da kauri, amma karaya ba ta yawaita a cikinsu ba. Daga cikin dalilan da masana ke kawowa akwai aikin ƙarfi da ke riƙe tsoka, da bambancin ƙirar ƙashi, da kuma yiwuwar cewa masu karaya da yawa ba su isa asibiti balle a ƙirga su. Darasin shi ne daka da tafiya da tsugunno garkuwa ne. Hana tsohuwa motsi da sunan girmamawa cutarwa ce, kuma yayin da tsawon rai ke ƙaruwa, aikin ƙarfi ke raguwa, garkuwar tana sirancewa.

7.0 Maɗori da Asibiti

A karkarar Hausa maɗori ne kan fara ganin karaya. Sana'a ce ta gado mai martaba, kusa take, sauƙin kuɗi gare ta, kuma jama'a sun amince da ita. Karayar wuyan hannu marar rikici takan haɗe a hannunsa. Haɗarin ɗaurin da ya matse har jini ya tsaya sananne ne, amma akwai wasu biyu da suka shafi tsofaffi mata. Na farko, wuyan ƙashin cinya yana can cikin ƙugu inda karan ɗori ba ya kaiwa, aikin tiyata yake buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu. Doguwar kwanciya ita ke kawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini, waɗanda su ne ke kisa. Irin wannan majinyaciya asibiti za a nufa da ita, daga Babban Asibitin Talata Mafara zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Na biyu, ɗori yana gyara karaya ne, ba ya tambayar dalilinta. Karaya ta farko tana kusan ninka haɗarin ta biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wuyan hannun da ya karye yau gargaɗi ne game da ƙugu. Akwai magunguna irin su alendironet da likita kan rubuta domin rage rusau. Maɗori ne ke tsaye daidai inda ya kamata a yi wannan gargaɗi.

8.0 Sakamako da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Rashin keɓaɓɓen suna ya sa zaizayar ƙashi ta ɓuya tsakanin tsufa da sanyi. Ƙarancin bitamin D a yankin ba a fahimtarsa sai an haɗa da na kalsiyum. Sannan mafi yawan abin da ƙashi ke buƙata yana cikin cimar gida da ake yi wa kallon ta talaka. Bisa haka ake ba da shawarwari kamar haka:

1. Masana harshe da gidajen rediyo su daidaita kalmar "zaizayar ƙashi", su raba ta da "sanyin ƙashi" a duk fassarar lafiya. Ranar 20 ga Oktoba, wadda duniya ta ware wa cutar, dama ce ta yin haka.
2. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun su haɗa sarakunan ɗori da jami'an lafiya a kan ƙa'ida biyu: karayar ƙugu ta wuce asibiti nan take, kuma duk macen da ta haura 50 ta karye a ƙaramar faɗuwa a tura ta gwaji bayan ɗori.
3. Iyalai su ware wa tsohuwa rabonta na nono da garin kifi da miyar ganye, su riƙa fito da ita hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, a cikin tsakar gida.
4. A gyara wuraren faɗuwa: santsin makewayi, da dokin ƙofa mai tsawo, da duhun dare. A kuma duba idanu saboda yana da dundumi.
5. Ƙwayar bitamin D da kalsiyum a bar wa likita ya rubuta ga masu buƙata, a kuma guji ƙwayoyin sanyi da na ƙiba na kanti.
6. Makarantun Islamiyya na matan aure su koyar da cewa ƙashin tsufa a ƙuruciya ake tara shi.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi zaizayar ƙashi daga cikin jiki zuwa harshe, zuwa tukunya, zuwa zauren maɗori. Ta nuna cewa ranƙwafawar tsohuwa da saurin karyewarta suna da sababi da ake iya ragewa, kuma ƙasar Bakolori tana da rana da kuka da zogale da kifin yin hakan. Aikin likita shi ne awo da magani. Aikin manazarcin Hausa shi ne samar wa cutar sunan da zai sa ɗiya ta tambayi dalilin karayar mahaifiyarta tun a karo na farko. Nazari na gaba zai yi kyau ya tattara kalmomin ƙashi na karin harshen Zamfara daga bakin maɗora da ungozomomi, domin a gina saƙon riga-kafi da harshen da tsofaffin ke ji.